Akwatin Malam Albasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata bayan azahar a gidansa da ke Azare, kafin magariba an kai shi makwancinsa. Mutuwar ba ta ba ni mamaki ba, don ya daɗe yana jinya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan masoyan da ya yi a cikin awa uku.

Ina zaune a tsakar gida cikin mata, ina jiyo maza ta kan katanga. Wani yana cewa an yi rashin masani. Na gane muryar, mai shagon bakin layi ne, wanda in Kawu ya wuce yake ce wa abokan hirarsa, "Ga Malam Albasa nan, kowa ya toshe hancinsa." Wata maƙwabciya ta shigo da salati tun daga zaure, ta zube gaban Inna, matar Kawu, tana rantsuwa ba ta taɓa ganin mutum mai kirki irinsa ba. Ita ce ta taɓa kai ƙararsa wurin mai unguwa, wai warin albasarsa ya hana ta shan iska a gidanta. Amma duk cikinsu babu wanda ya kai tsohon shugaban makarantar da Kawu ya koyar. Shi har da shessheka. Ana jiyo shi yana cewa, "Ni na san shi, ni na gano shi, ni na riƙa ƙarfafa masa gwiwa." Na yi tsaki har matar da ke kusa da ni ta waigo.

Ni hankalina ba ya kan kukansu. Yana kan wani akwatin katako da ke ɗakin Kawu na kusa da zaure, ɗakin da duk gidan ke kira ɗakin albasa. Mako biyu kafin rasuwarsa, a gaban Inna, ya ce da ni, "Malama, akwatin nan naki ne. Kada ki bari ruwa ya taɓa shi." Malama yake kirana tun da na fara koyarwa a firamare a Itas, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Abin da ke cikin akwatin 'yan gilasai ne sirara, kowane bai fi faɗin yatsa biyu ba, ɗaruruwa, a jere a tsaye. A tsakiyar kowane akwai ɗan tabo ja-ja kamar an murtsuke sauro, an rufe shi da wani ɗan gilashin da ya fi farce sirantaka. A gefe kuma 'yar takarda ce da rubutun Kawu: inda albasar ta fito, irin ƙasar da ta tsira a ciki, da ƙarfe nawa aka yanke saiwar. Aikin sama da shekara talatin ke nan. Bai rubuta littafi ba, bai tara takardu ba. Komai yana jikin gilasan.

Kawu malamin kimiyyar halittu ne. Da ya yi ritaya, sauran tsararrakinsa suka koma majalisa suna rabon muƙaman da ba a ba su ba, shi kuma ya koma ga albasa. Zai ɗora ta a bakin kwalba, ko ya shuka ta a gwangwani, wata a yashi, wata a lakar da ya sa aka kawo masa daga fadamar Sakwa, mai tauri kamar bulo. In saiwa ta fito, da hantsi zai yanke ɗan bakinta da reza, ya jiƙa a wani ruwan magani har ta yi laushi, ya ɗiga mata jan rini, ya rufe, sannan ya danna da babban yatsansa sau ɗaya. Sau ɗaya tak, ba murzawa. Ko baƙo ya yi sallama a lokacin, sai ya jira. Wani ɗan siyasa ya taɓa tsayuwa a zaure har ya gaji ya tafi, Kawu ya ce, "Shi zai dawo lokacin zaɓe, saiwar ba za ta dawo ba."

Gam ɗin da Turawa ke manne irin waɗannan gilasai da shi ba ya samuwa a nan, sai Kawu ya haɗa nasa. Yakan je kasuwa wurin mutanen Yobe masu sayar da ƙaro, ya zauna yana tsintar farare tas, ƙwaya-ƙwaya, har mai kayan ya ƙosa. Ya narka, ya tace, ya gauraya da wani ruwa mai yauƙi da yake saya a kyamis. Yana riƙe abu shekara da shekaru. Aibinsa ɗaya, ƙaro ne, ruwa na taɓa shi zai narke. Shi ya sa da damina akwatin ke kwana a kan gadon Kawu, shi kuma ya kwana a tabarma in rufin ya fara yoyo.

Yana da tsohon madubin likita, wanda 'yan boko ke cewa maikuroskof, mai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa a kamo hasken taga. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya sa shi ya leƙa. Tambayarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya yi karatu a hannunsa ya haddace ta: "Me ka gani? Ban ce me ka sani ba." In ka fara karanto masa abin da ke littafi, sai ya ture kanka daga kan madubin.

Ga abin da ya nuna mini, yadda ƙwaƙwalwata ta ɗauka. Saiwar albasa, da naman jikinmu, duk 'yan ƙananan ɗakuna ne jere da juna, su ne ƙwayoyin halitta. A tsakiyar kowane ɗaki akwai wani ƙulli. A cikin ƙullin akwai zarurruka da ake kira kuromosom, Kawu yana ce musu zaren gado, don su ne ke ɗauke da kamannin da ɗa ke gada. In ɗaki zai rabu biyu, ƙullin sai ya warware, zarurrukan su yi kauri, su jeru a tsakiya. Sai wasu igiyoyi su fito daga can gefe da nan gefe, su kama su, su ja. Rabi ya tafi gabas, rabi ya tafi yamma. A gilashi ɗaya sai ka ga wasu suna jere, wasu an fara jan su har sun lanƙwashe kamar ƙugiya, wasu sun isa.

Wannan lanƙwashewar ita ce ta hana Kawu sakat. "Dubi yadda ya tanƙwaru," in ji shi. "Abu ba ya tanƙwaruwa sai ana jan sa ta wuri ɗaya, kuma akwai abin da ke riƙe shi ta baya. To wa ke ja? Da wane ƙarfi? Cikin ɗakin nan ruwa ne ko kunu?" Ya kuma lura ƙullin nan ba kullum yake zagaye ba. A saiwar da ta ratsa lakar Sakwa yakan gan shi a matse, ya miƙe kamar ƙwallon dabino, a ta yashi kuwa ya fi sakewa. Zatonsa shi ne matsin da ƙasa ke yi wa saiwa yana kaiwa har ciki, ya canza surar ƙullin, wataƙila har ya dagula ja-in-jar rabon. Na taɓa tambayarsa ko ya tabbatar. Ya ce, "Da na tabbatar da na daina. Shi ya sa nake tarawa."

Rigimarsa da shugaban makaranta tun yana aiki ne, kuma Kawu da bakinsa ya ba ni labarin, ya maimaita ya fi sau goma, kowane karo yana dariya har da tari. An ce masu duba makarantu za su zo. Shugaba ya sa aka rataya wani ƙaton zane a ajin Kawu, an zana ƙwayar halitta da ƙullinta zagaye tas kamar an ɗora kwabo an bi gefensa. Kawu ya sauke zanen. Shugaba ya mayar. Kawu ya sake saukewa, ya ce ba zai nuna wa yara abin da idonsu zai ƙaryata ba. A gaban malamai shugaba ya ce, "Malam, an ɗauke ka koyarwa ne, ba miyar albasa ba." Daga ranar sunan ya bi shi har kabari.

Da baƙin suka zo, shugaba ya shigo da su ajin yana washe baki, ya ce bari ya nuna musu irin binciken da makarantarsa ke yi a ƙarƙashin kulawarsa. Ya gyara babbar riga, ya sunkuya, ya kafa ido a madubin. "Masha Allah," in ji shi. "Ga su nan raɗau. Na gani, na gani." Gilashin kuwa yana hannun Kawu, bai riga ya ɗora ba. Yara suka ƙunshe dariya. Kawu bai tona shi ba, ya dai ɗora gilashin a hankali, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙara dubawa, yanzu sun ƙaru." Shekarar ba a yi wa Kawu ƙarin girma ba, haka shekarar da ta biyo.

Wannan mutumin ne ke shessheka a ƙofar gida.

Yanzu bari in faɗi dalilin da ya sa akwatin ya zama nawa. 'Yata ta fari ta zo duniya da laushin jiki, da ɗan ido a karkace, harshenta yana yawan leƙowa. A asibiti aka ce tana da zaren gado guda ɗaya fiye da na sauran mutane, za ta yi jinkirin tafiya da magana da karatu. Dangin mijina suka yi nasu binciken, ba madubi ba gilashi. Surukata ta ce na fita da magariba da ciki. Wata ta ce na tsallaka ruwan wanka. Wata ta ce a danginmu ne, ai ga kawun nan nasu ma da ganinsa ba shi da cikakken saiti. Na yi kuka har ruwan nonona ya ja baya. Na fara yarda da su, wallahi na fara yarda.

Da na zo wankan jego Azare, Kawu ya kira ni ɗakin albasa. Bai yi mini wa'azi ba. Ya daɗe yana laluben akwatin, ya zaro gilashi guda, ya ɗora, ya kamo haske. "Me kika gani?"

Na ce na ga an ja rabi can, an ja rabi nan.

"A tsakiya fa?"

A tsakiya akwai zare guda shi kaɗai, an tafi an bar shi.

"Igiyarsa ba ta kama da kyau ba," in ji Kawu. "In ɗakin ya rabu, ko ya faɗa inda ba nasa ba, ko ya ɓace. Sai ɗaki ɗaya ya samu ƙari, ɗaya ya samu ragi. Albasa ba mutum ba ce, ba zan ce miki wannan ne ainihin abin da ya faru ba. Amma danginsa ne, kuma yana faruwa tun kafin uwa ta san tana da ciki." Sannan ya ce, "Malama, albasar nan ta fita da magariba?"

Na yi dariya, ina dariya ina kuka. Ranar na fara cin abinci da kyau. Babu wanda ya taɓa yi mini alheri irin wannan, kuma na faɗa ne don a sani, ba don ya ji ba.

Yarinyar ta girma, yanzu shekararta goma sha ɗaya. Maganarta gajera ce, amma ba ta iya ƙarya ba. Duk zuwanmu Azare sai ta wuce ɗakin albasa ta ce, "Kaka, nawa." Kawu ya zaro gilashin nan mai zare guda a tsakiya, wanda take kira nata, ya ɗora mata, ta leƙa ta ce, "Ga shi, shi kaɗai." Shi kuma ya ce duk ɗaliban da ya koyar babu mai idonta. Waɗanda ke kiranta marar wayo a bayan idona ba su taɓa jin wannan ba.

Da idonsa ya fara rauni, hannunsa ya fara rawa, ya ce in zo da wayata mai kyamara mai kyau, mu kafa ta a bakin madubin mu ɗauki hoton gilasan ɗaya bayan ɗaya, shi yana faɗa ina rubutawa, ko wani mai ilimi zai gani ya ɗora daga inda ya tsaya. Na ce in an yi hutu. Aka yi hutu na ce sai an gama biki. Aka gama biki na ce sai bayan azumi. Daga Itas zuwa Azare ba tafiyar kwana ba ce. Shekara biyu ina cewa in an yi hutu. Don haka in kun ji ina zagin mutane a rubutun nan, ku sani na ajiye wa kaina kaso.

Ranar rasuwar na so in ɗauki akwatin, kunya ta hana ni. A garinmu wa zai fita da kaya daga gidan mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ba a raba gado ba? Kafin in kai bakin titi an ce 'yar ƙanwa ta fara kwasa. Na leƙa ɗakin, na ga akwatin a inda yake, na ja ƙofa. Washegari na koma Itas don in ɗauko yarinyar, da niyyar mu dawo da sassafe ranar sadakar uku.

Ban san Yaya, babban ɗan Kawu, yana da nasa shirin ba. Shi ma'aikaci ne a sakatariya, kuma duk rayuwarsa kunyar ɗakin nan yake ji. Ya ji manyan baƙi za su zo addu'a, sai ya ce a gyara ɗakin albasa a shimfiɗa darduma. Ya ba matarsa umarni, ita kuma ta samu runduna. Kun san matan zaman makoki, ba sa zama hannu sake. Duk abin da suka gani sai sun wanke, tukunya, kwano, buta, har abin da aka wanke jiya. Inna kuwa ta shiga takaba, tana ƙuryar ɗakinta, dangi sun kewaye ta. Daga baya ta gaya mini ta jiyo ƙarar gilashi a cikin ruwa, ta yunƙura, aka danne kafaɗarta aka ce, "Zauna, Hajiya, ke da aiki yanzu? Ai muna nan."

Da muka shigo da safe, abin da na fara gani tabarma ce a rana. An jera gilasan a kanta sahu-sahu, suna ƙyalli. A gefe ga baho, ruwan ya yi ja-ja, 'yan takardun Kawu suna yawo a sama, tawadar ta zube.

Matar Yaya ta taso tana goge hannu da zani, fuskarta fal da alfahari. "Malama, sannu da zuwa. Kin ga aikin da muka sha? Wallahi dattin da ke jikin abubuwan nan, sai da muka jiƙa su a ruwan zafi da omo tun jiya. Allah Ya jiƙan Baba, tsufa ne, bai iya wanke su ba. Ko ɗaya ba mu fasa ba, sai 'yan siraran nan na sama, su kam mun zubar."

Na durƙusa na ɗaga ɗaya, na ɗaga wani, na ɗaga wani. Tas. Sun iya wanki, wannan ba zan hana su ba. Ban yi ihu ba. Da na yi, da an ce kukan mutuwa ne, a zo a riƙe ni ana ba ni haƙuri, kuma da wani ya ba ni haƙuri a lokacin da na mare shi.

Bayan an shafa addu'a, Yaya ya shigo da tsohon shugaban makaranta don ya gai da Inna daga bakin ƙofa. An riga an mayar da gilasan cikin akwatinsu, an goge shi da mai. Shugaba ya gama gaisuwa, ya share ido, ya ce yana da roƙo guda. Tsofaffin ɗalibai sun yanke shawarar a ajiye aikin marigayi a makaranta, a cikin kabad na gilashi, da sunansa a sama, don 'yan baya su amfana. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ka fi mu kusa da shi," ya miƙa masa akwatin da hannu biyu. Ko kallona bai yi ba. Inna ta buɗe baki daga ciki, na girgiza mata kai.

Shugaba ya buɗe, ya zaro gilashi guda da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama wajen rana, ya kanne ido ɗaya.

"Allahu akbar," in ji shi. "Kun gani? Aikin shekara talatin. Ido bai isa ya gane ba sai wanda ya sani. Ni kam ina ganin alamunsu. Allah Ya jiƙan Malam."

Aka amsa da amin. Ni ma na amsa, don addu'ar ba ta da laifi.

Sai yarinyar ta saki zanina. Ta ratsa ta tsakanin manya, ta tsaya gaban shugaba, ta miƙa hannu. "Nawa," in ji ta. Yaya ya ce a janye ta. Shugaba ya yi murmushin da ake yi wa irinsu, ya ce a bar ta, ai albarka ce, ya ba ta gilashin. Ta riƙe shi ta gefe-gefe yadda Kawu ya koya mata, ta ɗaga, ta juya shi, ta nemi ɗan jan tabon da ta saba gani. Ta zaro wani daga akwatin, ta duba. Ta zaro na uku.

"Babu komai," ta ce. Ta waigo ta dube ni. "Mama, babu komai. An wanke."

Shugaba ya rufe akwatin, ya ce rana ta yi, akwai wata gaisuwar da zai je. Ya tafi da shi duk da haka. Na ji an ce akwatin yana can cikin kabad, da sunan Kawu a sama da manyan baƙaƙe, kuma ana kai baƙi su gani.

A mota muna komawa Itas ta tambaye ni ina zaren nan nata. Na ce ya tafi tare da Kaka. Da muka wuce gonaki ta ce, "Shi kaɗai ne. Da an bar shi."

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka fiye da yadda ka riƙa kamo mana hasken taga. Ka yi shekara talatin kana tambayar mutanen garin nan me suka gani. Ranar sadakarka ta uku mutum ɗaya ce ta amsa maka daidai, kuma ba ni ba ce.